Takalmin da Teku Ta Karɓa

Shekara talatin da ɗaya ina Nima,
tsakanina da teku kuɗin tirotiro ɗaya ne,
ban taɓa sa mata ƙafa ba.
Inna ta ce ruwan da ba a hango ƙarshensa
ba ya gaisawa da ɗan Zango.
Na rataya maganar a wuya kamar laya.

Sai ga hutu ya zo da Litinin a goye.
Mutawakilu ya aro motar kawunsa,
mai ƙofar da ba ta buɗuwa sai daga waje.
Zuwera ta ƙunso wake da shinkafa a ganye.
Ayikwe ya zo hannu rabbana,
wai shi ne jagora, tunda kakansa masunci ne.

Juma'a, bayan an sauko masallaci, sai Jamestown.
Muka hau hasumiyar fitila mai ja da fari,
na ƙirga matakala har lissafi ya kwance,
Zuwera na bayana tana kwaikwayon hakina.
Daga sama kwale-kwale kamar ɓawon gyaɗa,
kowane da tutarsa, kowane da abin da aka rubuta masa.
Hayaƙin bandar kifi ya biyo mu har can,
ya shige rigata, bai fita ba sai Talata.

Asabar muka juya wa gishiri baya,
duwatsun Shai, rana tsaka.
Ayikwe mai sanin hanya ya ɓatar da mu sau biyu,
ya ce ai kakansa a ruwa ya yi suna, ba a tudu ba.
Wani gwaggon biri ya tare mu kamar mai karɓar haraji,
ya fizge burodin Mutawakilu,
ya zauna kan dutse yana ci yana dubanmu
babu ko sannu.
A ƙoli muka yi shiru.
Iska ta busar da gumin bayana,
gwiwata na rawa, ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, Bojo.
Aka tsallaka da mu a kwale-kwale,
na riƙe katako har farcena ya yi fari.
Ga ta nan, ba shamaki.
Tana zuwa, tana komawa,
kamar mai bin bashi da ba ta gajiya.
Na shiga zuwa idon sawu. Sanyi.
Yashi na zamewa ƙarƙashina, ƙasa na janye alkawarinta.
Na ƙara taku ɗaya,
igiya ta zo ta mare ni a cinya,
ta tafi da takalmina na hagu.
Zuwera ta yi dariya har ta zubar da ruwan kwakwarta.

Da la'asar, muna cin dokunu da kifi da yaji,
Mutawakilu ya goge hannu a wando, ya ce:
na sami aiki a jirgin kaya, daga Tema,
Laraba za mu tashi, wata tara.
Ba wanda ya tanka.
Ayikwe ya tura masa kan kifin, wanda kullum suke faɗa a kai.
Na dubi ruwan.
Ashe takalmin kafin alƙalami ne.

Litinin Ankara ta karɓe mu da hon da cunkoso.
Na shiga gida ƙafa ɗaya a sake.
Inna na tsintar shinkafa a tire,
ta dubi yashin da ya maƙale a yatsuna,
ta daɗe tana duba.
Na shirya ƙarya, ta riga ni:
Bojo ko Labadi?
Ta ci gaba da tsinta.
Babanka ma, ta ce, a can hularsa ta tafi,
ranar da ya fara riƙe hannuna.